Kujerar Mai Dutse

Tun motar Merv ba ta shawo kwana ba Zorka ta san shi ne, don kaf garin Ridge babu wata akori-kura mai tari irin tasa. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne lokacin. Rana ta take, irin zafin watan Janairu na nan kudancin duniya, da ko ƙuda sai ya nemi inuwa, kuma mahaƙin dutsen ado na ofal ba ya baro raminsa mai sanyi a irin wannan lokaci sai da dalili: ko an yi mutuwa, ko an ga launi a dutse.

Ta ajiye ganyen kabejin da take naɗe nama a ciki, ta goge hannu, ta leƙa rumfar baya. Mijinta Vinko na zaune a gaban faifan wasinsa, gilashin aiki a goshi, hannuwa a kan cinya. Haka yake yini yanzu, yana gadin inji.

"Merv ne," in ji ta.

"Ina da kunne, tsohuwa."

Duk wanda ya taɓa haƙo baƙin ofal a yankin nan ya san hannun Vinko. Mutane kan tsallake masu yankan dutse na bakin titi, su biyo hanyar nan mai gargada, su sha baƙar maganarsa, su kuma yi godiya. To, bara waccan tsakiyar ganinsa ta fara dushewa. Likita a garin Dubbo ya ce babu magani, sai haƙuri. Gefe-gefe yana gani, yana zagaya gida, ya ɗauki kofi, ya gane mutum ta tafiyarsa, amma duk abin da ya ƙura wa ido sai ya ɓace masa. A hanyar dawowa ya sa Zorka ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har 'yarsu da ke aure a Newcastle.

Daga nan ya fara koya mata. Matar da ta tsufa tana kai shayi rumfar nan ba ta taɓa ɗora yatsa a kan faifai ba, sai ga ta a kan kujerarsa. Ta fara da tarkacen da ba shi da launi, ta gurje farce, ta gurje fata, ta sha tsawa har ta ƙoshi. In an kawo duwatsu da safe Vinko ya karɓa, ya jujjuya su a hannu, ya yi gyaran murya ya ce a dawo jibi. Ana fita sai a rufe ƙofa, Zorka ta hau aiki. Ƙanana ne, shuɗi da kore, irin na 'yan kunne da zoben baƙi masu wucewa, kuma babu wanda ya dawo da ƙorafi. Amma tun da aka fara abinci bai sake zama mata a ciki da daɗi ba. Ta san ramin ƙarya ƙurarre ne, mu nan kuwa mun fi kowa sanin rami.

Merv ya shigo fari fat da ƙasar rami, tun daga gira har takalmi, yana jan gwiwar nan tasa. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya tura ƙofar rumfar ya sa sakata, ya leƙa ta taga, sannan ya juyo.

"Kai, tsohon ƙwaro, wa ya biyo ka?" in ji Vinko. "Ko matarka ce ta dawo?"

"Rufe mini baki, Vinko. Uwargida, sannu da gida. Akwai wani a ciki?"

"Mu kaɗai ne," Zorka ta amsa.

Ya zaro gwangwanin taba daga ƙirjin rigarsa. Garin buɗewa murfin ya faɗi ƙasa. A ciki akwai tsumma, a cikin tsumman akwai curin dutse kamar ƙwan tattabara, da ɓawonsa mai toka-toka. Ya riga ya ɓantare ɗan gefe da awartaki. Ya kai baki ya lasa don launi ya fito, yadda kowa ke yi a nan, ya miƙa shi ƙarƙashin fitila.

Zorka ta dafe ƙirji. Siririn layi ne, bai fi kaurin farce ba, kwance a kan baƙi wuluk, kuma ja ne. Ja a kan baƙi! Mutum kan haƙa rami tun yana saurayi har a binne shi bai ga wannan a tafin hannunsa ba. Merv kuwa rami ya cinye gwiwoyinsa, ya cinye aurensa, ya bar shi a ɗakin kwano da kare ɗaya.

"Wayyo Allah, Merv, ja ne!" ta faɗa da ƙarfi, da gangan, don mijinta ya ji.

Vinko ya karɓa, ya sauke gilashi a ido, ya juya dutsen a hankali kamar mai gani. "Hm. Ba laifi," ya ce.

"Ba laifi? Ji ɗan baƙin ciki! Buɗe mini shi, yanzu."

"Ka bar shi mana ka dawo jibi," Zorka ta yi sauri ta ce, "ka ga yau zafi..."

Merv ya dube ta kamar ta yi saɓo. Ya je kusurwa ya sauke kwalin tsummokara daga kan wata kujera, ya kaɗe ta da hularsa, ya jawo ta dab da inji ya zauna.

Ƙaramin dutse ne ake bari a wurin mai yanka a tafi. Babba kuwa, mai shi ba ya ɗauke ido daga kansa tun daga taɓawar farko har gogewar ƙarshe. Ba zargi ba ne, haka aka taras, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya ne mai yankan sai ka zauna. Shi ya sa kowace rumfa take da kujera ta biyu, kujerar mai dutse. Zorka ta daɗe tana addu'ar kada a sake sauke kwalin nan.

"Yau ɗin za a yi," in ji Vinko, kafin ta sake buɗe baki. "Tsohuwa, zo ki ba ni maganina tukuna."

A kicin ta tura ƙofa ta riƙe masa gaban riga.

"Ka haukace ne? Ka ce masa hannunka na ciwo. Ka ce inji ya lalace. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, Vinko."

"In ce wa Merv ya kai ja wurin wa? Wurin mahaukatan bakin titi? Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka, ɓarayi su faɗa masa rami."

"To ka gaya masa gaskiya."

"Kin rantse."

"Na rantse zan rufe baki, ban rantse zan tsaya ina kallo ka niƙe rayuwar bawan Allah ba!"

"Sassauta murya." Ya lalubo hannunta ya ɗora a kafaɗarsa. "Hannuna ya san hanya, ido kawai zan ara. Ki tsaya a bayana, ki ce bututun ruwa ne ke toshewa kina kula da shi. In kin danna dama, in karkata dama. In kin danna hagu, hagu. In kin matse, in ɗaga."

"Da yaren ƙasarmu ta asali fa? In riƙa gaya maka..."

"A kan dutsen mutum? Kin taɓa ganin an yi yare a kan dutsen mutum yana zaune? Sai ya ɗauka cinikinsa muke yi."

Gaskiyarsa ne, ita ma ta sani. Ta dubi fuskarsa, ta ga abin da ta daɗe ba ta gani ba: farin ciki, irin na yaro. Wannan ya fi komai tsorata ta.

Suka koma. Vinko ya kunna inji, faifai ya ɗauki kuka, ruwa ya fara ɗiga a kansa. Zorka ta tsaya a baya, hannu ɗaya a kan bututu, ɗaya a kafaɗar mijinta. Merv ya turo wuya har numfashinsa na taɓa gwiwar hannun Vinko.

"Matsa, ka cika wari," in ji Vinko. "Yaushe rabonka da wanka?"

"Ranar da za a binne ka zan yi."

Dutse ya taɓa faifai. Zorka ta ji ƙarar har cikin haƙoranta. Farin ruwa mai kauri ya gangaro ta tsakanin yatsun Vinko, ya ɗaga, ya tsoma dutsen a kwano, ya kai ƙarƙashin fitila ya riƙe shi ɗan sama da yadda ya saba, daidai inda za ta gani ta kan kafaɗarsa. Ba ta da gilashi, sai idonta na tsohuwa. Ta danna dama. Ya karkata.

A ba shi haƙƙinsa, hannun nan bai manta komai ba. Ɓawon ya riƙa tafiya a hankali, sili-sili, baƙi ya fara bayyana daga ƙasa, saman kuma na yin haske kamar akwai wani abu a bayan labule. Ta danna hagu, ya bi. Ta matse, ya ɗaga. Gumi ya jiƙe mata riga har ƙugu. Sau biyu ta ga yatsunsa sun nufi inda bai kamata ba, sau biyun kuma ya ji ta kan lokaci. Ta fara tunanin wataƙila Allah zai rufa musu asiri.

"Uwargida, bututun nan dai lafiyarsa ƙalau nake gani," Merv ya ce, bai ɗago ba. "Je ki ɗora mana shayi mana, maƙogwarona ya bushe."

"In na tafi ya toshe, dutsenka ya yi zafi ya tsage, kai da shayin sai ku ƙarata."

"A'a, tsaya, tsaya! Na fasa."

A ɗagawa ta gaba fuskar dutsen ta buɗe. Vinko ya tsoma shi a ruwa ya fito da shi, sai ga ja shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, yana motsi in dutsen ya motsa, da ɗan ruwan lemo da kore suna gilmawa a ciki. Merv ya yi wani irin sauti a maƙogwaro, ya cire hula ya danne ta a fuska.

"Ya Ubangiji," yake ta faɗa a cikin hular. "Ya Ubangiji, ashe da rabona."

Zorka ta matse kafaɗar mijinta. Ya isa haka. Abin da ya rage a ce an gaji, a ce sai gobe, ko me za a ce a ce, amma a tsaya a nan.

Sai dai babban yatsan Vinko yana yawo a kan fuskar dutsen, kuma ya tsaya a wuri ɗaya kusa da gefe. Ɗan ɗigon yashi ne, bai kai kan allura ba. Ita ma ta gan shi. Ta kuma ga abin da yatsa ba zai taɓa ji ba: a daidai wurin layin jan ya yi siriri ƙwarai, har baƙin da ke ƙasa yana leƙowa. Ofal ba kamar sauran duwatsu ba ne da launi ya ratsa su gaba ɗaya. Launinsa shimfiɗa ce, in ka wuce ta ka wuce ke nan, babu maido ta.

"Akwai ɗan yashi nan," in ji Vinko. "Taɓawa ɗaya."

Ta matse. Ya ɗan girgiza kafaɗa kamar mai korar ƙuda. Ta matse har faratanta suka shige naman, ta ji ya ƙanƙame jiki, amma hannunsa bai fasa ba. Dutse ya taɓa faifai, ya ɗaga, ya tsoma.

Inda ɗigon yake, baƙin tabo ne yanzu kamar ƙwayar wake. Jan wurin ya bi ruwa. Merv bai gani ba, yana share ido. Vinko ya sake shafawa, yatsansa ya gaya masa da saura, ya sake nufar faifai, wannan karon ya karkata dutsen ta tsakiya.

"Tsaya!"

Ba ta san lokacin da ta fizge wayar injin daga bango ba. Faifan ya yi ta juyawa yana rage gudu har ya tsaya. Babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa.

"Lafiya?" in ji Merv. Ya dubi Zorka, ya dubi Vinko, sannan ya miƙa hannu ya zare dutsen daga yatsun abokinsa. Ya lasa, ya kai fitila. Ya daɗe yana kallo.

"Ka ci jan, Vinko."

"Yashi ne. Dole a bi shi, in ba haka ba..."

"Wane yashi? Nuna mini."

Ya miƙa masa dutsen a tafin hannu. Vinko ya sauke gilashi, ya sunkuya, ya ɗora farce da ƙarfin hali. Merv ya riga ya juya dutsen garin dubawa, farcen ya sauka a ɗaya gefen, a kan ja tsantsa inda babu ko ƙwarzane.

Merv ya ɗago a hankali. Ya dubi idon Vinko, ya ga suna kallon wani wuri kusa da kunnensa. Ya juyo ga Zorka, ga hannunta da har yanzu ke kan kafaɗar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba ya gani, Merv," ta ce. "Tun bara waccan."

"Ƙarya take yi!" Vinko ya buga teburi. "Fitilar nan ce, na sha gaya mata ta canza ƙwai."

"Kai!" Merv ya miƙe har kujerar ta kife. "Kai, Vinko! Ni za ka yi wa haka? Ni da na ɗauki gawar ƙaninka a kafaɗa daga rami? Ka san me na binne a ƙasar nan kafin in ga wannan? Ka karɓa da hannu biyu, ka ɗora a faifai, kana lalube! Da makiyi ne ya yi mini da sai in ce makiyi ne. Ke ma, uwargida, kina tsaye kina wasa da bututu. Tir!"

Ya naɗe dutsen a tsumma, ya tura a gwangwani, ya zare sakata da ƙarfi ya fita. Suka ji an buga ƙofar mota.

Zorka ta jingina da bango. Kunya ta ishe ta, tsoro ya ishe ta, ga haushin mutumin nan da take ƙauna, duk sun taru mata lokaci guda.

"Kin kashe ni," in ji Vinko, bai juyo ba.

"Na matse ka. Ka ji na matse ka."

"Taɓawa ɗaya ce ta rage."

"Ta rage ka cinye tsakiyar, ba. Da ka ga abin da ka yi..." Ta kama bakinta, amma maganar ta riga ta fita.

Ta kasa kunne tana jiran tarin motar Merv, don ta san daga nan bakin titi zai nufa, kuma kafin la'asar babu wanda ba zai ji ba: Vinko ya makance, ya daɗe yana karɓar duwatsun mutane yana ba matarsa tana koyo a kansu. A garin da ake mu'amala da musafiha kawai, wannan ba abin da ake yafewa ba ne. Ko a layin kanti ba za ta sake iya ɗaga kai ba.

Motar ba ta tashi ba. Ta jira, ta jira, har ta fara tunanin ko zuciyar mutumin ce ta buga. Tana shirin leƙawa sai ga inuwarsa a ƙofa. Ya shigo ya mayar da sakata. Fuskarsa ba ta sauka ba ko kaɗan.

"Kun ɗaure ni," ya ce. "In na kai dutse rabin buɗe wurin wani, tambayar farko ita ce wa ya buɗe, ta biyu me ya hana shi ƙarasawa. Kowa ya san hannun wannan tsohon mugun. In tona shi, in tona ramina. Kun ɗaure ni tamau, Allah ya isa." Ya juyo ga Zorka. "Shuɗin nan da na kawo da hunturu, wa ya yanka?"

"Ni ce."

"Kin bar masa gindi da kauri. Na ɗauka tsufa ne ya kama Vinko." Ya ja tsaki. "Kin taɓa yanka ja?"

"Ban taɓa ba."

"Amma ke kika ga inda zai ci."

"Na gani."

Ya ɗaga kujerarsa da ta kife ya dasa ta. "Tashi, Vinko."

Vinko bai motsa ba. Zorka ta ga jijiyar wuyansa na harbawa, ta zaci zai yi zagi, ko ya kai duka. Can sai ya dafa teburi ya miƙe. Ya cire gilashin ya ajiye. Kujeru biyu ne kawai a rumfar, ya ɗan tsaya a tsakiya yana juyawa, sannan ya lalubi wani bokiti a bakin ƙofa ya kife shi ya zauna.

Zorka ta hau kujerar Vinko. Da ɗumin jikinsa a kai. Merv ya ajiye dutsen a gabanta, ta ɗauka, ya kusa suɓuce mata.

"In kika yar mini da shi, a nan za a binne mu mu uku," in ji Merv.

"To daina numfashi a wuyana."

Ta sa gilashi ta duba sosai, ta kowane ɓangare, ta daɗe ba ta kunna inji ba. Tabon ba zai gyaru ba, babu launi a ƙarƙashinsa. Hanya ɗaya ce.

"Sai an yanke gefen nan gaba ɗaya," ta ce. "Ba zai fito kamar ƙwai ba. Zai yi tsini ta sama, kuma zai ragu."

"Da yawa?"

"Da yawa."

Merv ya rufe ido. "Yanke."

Ta mayar da waya, faifai ya tashi. Da ta kai dutsen karo na farko sai ta janye ba ta taɓa ba. Ta ja numfashi ta sake. Baƙin tabon ya tafi, da shi da wani yanki na jan da ke maƙwabtaka da shi, tana kallo yana zama farin ruwa yana gangarawa cikin kwano. Merv ya yi nishi kamar shi ake yanka. Ta narka kaki a kan 'yar fitila, ta manna dutsen a kan ɗan sanda, tana tsoron zafi ya yi yawa, tana tsoron ya yi kaɗan dutsen ya fizge ya daki bango. Ta canza faifai zuwa mai laushi, daga shi zuwa wanda ya fi shi. Duk taɓawa ɗaya sai ta ɗaga ta duba, har Merv ya ce da wannan tafiya sai Kirsimeti. Ta ce in yana sauri ga kujera.

Kusa da tsinin ta sake cin karo da wani ɗigon yashi, ƙarami ainun. Ta tsaya tana kallonsa. Ta saba a irin wannan wuri ta kira mijinta ta kwatanta masa, ya yi mata tsawa, sannan ya gaya mata abin yi. Ta waiwaya. Yana kan bokiti, kansa a sunkuye.

"Akwai ɗigo a nan, Merv. Ba zan bi shi ba."

"Za a gan shi?"

"Mai gilashi zai gani."

"Bar shi. Maƙeri ya rufe da zinariya."

Rana ta yi sanyi kafin ta kai ga faifan fata da farar hoda. Wuyanta ya sandare, yatsunta sun yi fari don jiƙa. Da ta ɓamɓare dutsen daga kaki ta goge shi da tsumma, ba ta yarda ta kalle shi da kyau ba, ta miƙa wa mai shi.

Merv ya buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta, ya ba rana baya kamar yadda ake yi, ya karkata dutsen a tsakanin yatsu. Ya fi yadda ya kamata ya zama ƙanƙanta, kowa a ɗakin ya sani. Amma jan na nan, cike da fuskar, yana kamawa yana saki. Merv bai yi godiya ba, bai yi yabo ba. Hawaye ne kawai ke yanka hanya a cikin farar ƙasar da ke kumatunsa.

"Merv."

Vinko ne, daga kan bokiti, kusa da ƙafarsa. Ya miƙo tafin hannu.

Merv ya dube shi daga sama. Har yanzu haushin bai bar fuskarsa ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ɗora dutsen a tafin.

Vinko ya shafa shi da yatsa, gaba da baya, ya bi gefen har tsini. Ya kai shi gaban idonsa. Ya matsar da shi dama, ya matsar hagu, ya juya fuskarsa wajen bango ya kawo dutsen ta gefen ido, ya yi ta karkata shi a cikin hasken ƙofa. Hannunsa ya sauko kan gwiwa a hankali.

"Ba na ganinsa," ya ce. "Merv, ba na gani. Gaya mini, wane irin ja ne?"

Merv ya dubi Zorka, ta kasa taimakonsa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa kusa da bokitin, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya share hanci da bayan hannu.

"Karkata shi nan," ya ce, ya kama wuyan hannun Vinko ya juya. "Yauwa. To yanzu daga gindin ya fara."